Man da Ya Daskare a Mulunen Ɗanbaba

A ƙauyensu da ke gefen fadama, kusa da Dumega, in ka gai da Ɗanbaba da fara'a sai ya tsaya ya duba rigarsa gaba da baya, don ya ga abin da ya ba ka dariya. In kuma ka wuce ba ka gaishe shi ba, to ka ba shi aikin yini guda. Ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Bai taɓa cin na kowa ba, bai taɓa ɗaga wa maƙwabci hannu ba. Zargi ne kawai ya yi masa yawa, har ya ishe shi ya raba wa unguwa.

A nono ya sha shi. Uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta taɓa yarda cewa zazzaɓi ne ya ɗauke su ba. Kowane kabari tana da sunan wanda ta ɗora wa. Da shi ya tsaya, sai ta raine shi a kan dokoki: ba ya cin tuwon gidan kowa, in an yi masa aski ita ke kwashe gashin ta binne, in ya yanke farce sai ya nuna mata inda ya zuba. Ta daɗe da rasuwa, amma har yau in wanzami ya gama da kansa, sai ka ga dattijo da furfura ya durƙusa yana tsince gashi yana ƙullewa a gefen riga.

Mutum biyu ne a duniya suka iya zama da shi. Ɗaya Ɗahiru mahauci, abokinsa tun ɗakin kaciya, mutum mai ƙiba da yawan dariya, wanda naman teburinsa kaɗai Ɗanbaba ke ci ba tare da ya juya shi ya shinshina ba. Ɗayar kuwa Talatu matarsa, 'yar Fulanin da ke sauka bayan gari in an kwashe gero. Ita ba ta da yawan magana, kuma an raine ta da kunyar da ba ta barin mace ta faɗi sunan miji, balle ta ce masa yana ranta.

Sau biyu ya sake ta, kuma sau biyun a kan banza. Na farko sawun takalmin namiji ya gani a ƙofar ɗakinta, bai tambaya ba ya yanke hukunci. Daga baya aka gane sabon takalminsa ne na taya, wanda bai riga ya san sawunsa ba, ta zura shi don ta tsallake ƙaya. Na biyu laya ya tsinta a cikin matashinsa, ashe ta tari ce da ta karɓo masa wajen malami ta kasa faɗa masa. Duka biyun Ɗahiru ne ya ajiye wuƙa, ya bi sawun shanu har inda danginta suke, ya sha rana ya sha baƙar magana, ya dawo da ita. A biko na biyu yayanta Jibrilla ya raka shi har bakin ruga ya ce, "Ka hwaɗa wa abokinka igiya guda ta saura. In yat tsinke ta, ko da raƙumi kaz zo ba ta komawa."

Ɗanbaba ya ji wannan saƙo, kuma ya shige shi. Yana son Talatu so na gaske, irin wanda shi ma bai iya faɗa ba, kuma ya san in ta tafi ba zai iya cin abincin hannun wata mace ba, yunwa ce za ta kashe shi a tsakiyar gari. Tun daga nan ya riƙa kama bakinsa a cikin gida. Zargin sai ya koma fitar da shi waje, yana sauke shi a kan duk wanda ya gifta.

Abu na uku da yake so ba mutum ba ne, mulune ne, ƙarfen nan mai hannu da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, yana naɗe zare yana kuma sakinsa. Da ƙuruciya ya yi cin rani a Gaya, yana tuƙa wa wani tsohon masunci jirgi a bakin kogi. Ɗan da tsohon ya haifa ne ya aiko wa uban da mulunen daga bakin teku, tsoho ya juya shi ya ce wannan wasan yara ne, da Ɗanbaba zai koma gida sai ya miƙa masa. A ƙauyensu ba kogi, sai tafkin da damina ke cikawa, wanda dattawa ke hana taɓawa har a gama girbi, sanyin ɗari ya sauka, sannan a sa ranar buɗe shi. A ranar kowa na shiga da homa, wato ragar kamun kifi, da mashi, amma iyakarsu inda ruwa ya kai ƙirji. Tsakiyar tafkin mai zurfi ba mai zuwa, wasu don tsoron nutsewa, wasu don doguwa, aljanar da aka ce tana zaune a can. Ɗanbaba kuwa daga kan tudu yake tsayawa, ya wurga ƙugiya har can tsakiya, ya jawo manyan tarwaɗun da homa ba ta taɓa gani ba. Da wannan aka san shi har Tibiri, kuma a nan kaɗai yake tsayuwa cikin jama'a ba ya duban bayansa.

Saboda haka ba ya wasa da abin da yake sa wa mulunen. Mai iri biyu yake so, in ji shi. Haƙoran da ke ciki, masu cizon juna, giris suke so mai laushi, wanda ba ya narkewa ya zube in rana ta buɗe, ba ya kuma sandarewa in ɗari ya yi ɗari. Wuraren juyawa kuwa, gindin hannu da ɗan ƙarfen da zare ke bi ta kansa, man keken ɗinki ne nasu, ɗigo guda a bakin tsinke. Birki, wato 'yan faifan da ke sassauta wa kifi zare in ya ja da ƙarfi, ba ya barin komai ya taɓa su. Baƙin man mashin da masu amalanke ke zuba wa ƙafafun amalankensu kuwa, ko kusa da akwatin mulunen bai yarda a wuce da shi ba.

Wanda ke shan wahalar wannan ilimi shi ne Mus'ab, wani saurayi mai ɗangalallen wando da ke sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Tibiri. In ya hango Ɗanbaba daga nesa sai ya fara istigfari.

"Wanga giris, wa yab buɗe shi kahin ni?"

"Baba, gabanka na buɗe shi yanzu. Garanti na."

"Kai kac ce."

Sai ya lakato a yatsa, ya kai kusa da kunne ya murza, yana sauraron ko zai ji ƙarar yashi. Ya shinshina. Ya ɗaga a rana ya duba. Duk da haka ba zai saya ba sai an ɗan lakato masa a leda ya kai gida, ya shafa a katanga biyu na fasasshiyar tukunya, ɗaya ya ajiye a rana, ɗaya ya tura ƙarƙashin randa ya kwana. Wanda ya zube ko ya daskare ya faɗi jarrabawa. Kasuwa mai zuwa sai ya dawo ya saya, yana yi wa Mus'ab kallon wanda ya tsira da kyar.

Shekara da shekaru mulunen bai taɓa ba shi kunya ba, sai a 'yan shekarun nan. A daidai lokacin ne kuma wani abu ya sauya a gidansa, wanda bai taɓa haɗa shi da mulune ba. Mahaifin Talatu ya rasu, Jibrilla ya koro mata saniyar gadonta, saniya ta haihu, man shanu ya shigo gida. A rugar da ta tashi, duk abin da kake son ya daɗe man shanu kake shafa masa: ƙwaryar tatsa, sandar kiwo, igiyar maraƙi, kan jariri. Abin da bakinta ba ya iya faɗa sai hannunta ya soma faɗa. Takalmin fatar Ɗanbaba ya yi laushi, kuben wuƙarsa ya yi sheƙi, ƙotar hauyarsa ta daina cin tafin hannu. Ya lura da takalmin, ya yini yana zargin baduku ya musanya masa, amma bai tambaye ta ba. Gidan kuwa ya ɗauki ƙamshin man, tufafi da tabarma da bango, har hancinsa ya daina jin sa kwata-kwata.

Shekarar farko, da sassafe ranar buɗe tafki, hannun mulunen ya yi nauyi, sai da rana ta ɗaga ya saki. Ɗanbaba ya je Tibiri ya yi wa Mus'ab tas, ya sauya giris. Shekara ta biyu abin ya fi haka, ya ce doguwar tafki ce ta gaji da shi, har ya faki ido ya kai wa wata 'yar bori baƙar kaza, ya kuma dawo yana zargin ta cinye kazar ba ta yi komai ba. Bana kuwa ya ɗaura ɗamara. Ya warware mulunen ɗai-ɗai, ya wanke da kananzir, ya shanya, ya sa giris ɗin da ya ci jarrabawar rana da ta randa, ya naɗe shi a tsumma ya sa a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, inda kayan sallarsu suke.

Jajiberen buɗe tafki, da la'asar, Ɗahiru ya biyo ta zaure kamar yadda ya saba.

"Sarkin ruwa, ina amaryat taka? Hiddo ta mu gaisa."

Ɗanbaba ya ɗauko, don Ɗahiru kaɗai yake bari ya taɓa. Mahauci ya karɓa da hannunsa mai maiƙo, ya juya hannun mulunen yana kwaikwayon yadda abokinsa ke turo baki in yana jan kifi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya mayar. Mulune na juyawa lafiya lau, don da sauran zafin rana a jikinsa.

Washegari aka tashi da ɗari mai shiga ƙashi. Gari duka na bakin tafki, har da Liman Mani da ya yi addu'ar buɗewa. Ɗanbaba ya hau tudunsa ya wurga. Bai daɗe ba sanda ta lanƙwashe, ruwa ya dare, wata tarwaɗa ta ɗago kai, kan nan ya kai faɗin akushi. Mutane suka bar homayensu suna kabbara. Ya kama hannun mulune zai juya, hannu ya ce bai san zancen ba. Ya danna da ƙarfi, ya cije. Birki ya ƙi sakin zare, kifi ya ja, zare ya yi ƙara ya tsinke, Ɗanbaba ya zauna daɓas a cikin taɓo.

Dariyar da aka yi ta kai har ruga. Ya miƙe, kunya da fushi sun rufe masa ido.

"An sa mini hannu! Wallahi an sa wa mulunen ga hannu!"

Luƙman, wani taubashinsa da ba ya ganin wuri bai tsokane shi ba, ya ɗaga murya daga cikin ruwa. "To wa ka shiga ɗakinka, Ɗanbaba? Ko mutanen gida na?"

Aka ƙara fashewa da dariya. Nan bakin da ya daɗe yana kamawa ya kuɓuce masa.

"Ko wa na sai na gano shi, kuma na rabu da shi har abada! In Talatu ta, ta saku!"

Dariya ta ɗauke. Liman Mani ya matso, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Ɗanbaba, maganag ga ba a wasa da ita. Ta hita, kuma ga ta nan rataye bisa kanka. Ranad da tat tabbata ita ta, ta hwaɗi da kanta, ba sai ka ƙara cewa komi ba. Kuma ka san abin da yas saura tsakaninku."

Gabansa ya faɗi, amma na ɗan lokaci. Talatu fa, a saninsa, tsoron mulunen take yi, ko shara take sai ta kewaye shi. Kuma tun yana zaune a cikin taɓon nan zuciyarsa ta riga ta nuna masa hannu mai maiƙo da ya ga yana juya mulunen jiya.

Bai jira rana ta ɗumama ƙarfen ba. Ya zauna a inuwar zaure ya kwance murfin. Giris ɗinsa na nan, amma ya cakuɗe da wani abu fari-fari mai ratsin rawaya, ya daskare gudaji-gudaji a tsakanin haƙoran, ya bi har cikin faifan birki, ga matattun kiyashi sun maƙale a ciki. Ya kai hanci, ya ji warin maiƙon dabba da ya kwana biyu. Hancin Ɗanbaba kuwa inda zuciyarsa ta nuna nan yake bi. Ya ce kitse ne, kuma a garin nan mutum ɗaya ne ke kwana ya tashi cikin kitse.

Ya ɗauki mulunen a buɗe ya nufi gindin bishiyar bedin da Ɗahiru ke kafa tebur, mutane na biye da shi. Ya dangwara shi a kan teburin, kusa da hanta.

"Ga aikinka. Kihina ka hana maka ciniki duk ɗari, shi ya sa ka haɗa kitse da abin da ka haɗa ka ɗura mishi. Jiya gabana ka riƙe shi."

Ɗahiru ya dube shi, ya dubi jama'a, ya kece da dariya, don ya ɗauka sabon wasa ne. Yana cikin dariyar ya sa yatsa ya lakato abin, ya kai hanci. Sai ya ɗan taɓa a kan harshe. Dariyar ta tafi. Shi ma yana bakin tafki da safe, ya ji rantsuwar da kunnensa, ya kuma ji abin da liman ya ce. Ya daɗe yana duban abokinsa, sannan ya goge yatsan a jikin zanen da ya ɗaura a ƙugu.

"To. Ni na."

"Don mi, Ɗahiru?"

"Ai ka riga ka samo dalilin da kanka. Riƙe shi."

Ya juya ya ci gaba da sarar ƙashi. Jama'a suka watse suna salati. Ɗanbaba ya koma gida da mulunensa a hammata. Tun da aka haife shi yake zargin mutane, yau ce ranar farko da wani ya ce masa e, ka yi gaskiya, kuma maimakon daɗi sai ya ji kamar an kwashe masa kayan ciki. Ya zauna a zaure har azahar bai sha ko ruwa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Mata suka soma aika yara ƙauyen gaba sayen nama, don ba mai son cin abin hannun wanda ya amsa da bakinsa cewa yana haɗa asiri. Ɗahiru ya rame, dariyarsa ta ɓace daga gindin bedi. Ɗanbaba ya daina bin ta hanyar, ya daina cin nama gaba ɗaya. Talatu ta ji labari a bakin rijiya, an ce mata an yi wa mulune asiri, an kuma faɗa mata rantsuwar. Rantsuwar ba ta tsorata ta ba, don ita ta san ba ta taɓa yi wa kowa asiri ba. Ɗahirun ne ya sa ta kuka. Ba wanda ya yi mata zancen maiƙo, mijinta kuwa ba mai zama ya yi wa mace bayanin abin da ya gani a cikin ƙarfe ba ne.

Amma mai zargi ba ya hutawa don an amsa masa laifi. Da ya rasa wanda zai zarga, sai ya koma zargin amsar kanta. Me ya sa Ɗahiru ya ɗanɗana abin, in shi ya zuba? Wa ke lasar asirin da ya haɗa da hannunsa? Me ya sa dariyarsa ta tafi bayan ya lasa, ba kafin nan ba? Kuma bara da bara waccan, yaushe ya riƙe mulunen? Mutumin da ko kuɗin ƙashi sai ya yi gardama a kai, yau an ɗora masa abin da zai kashe masa sana'a ya ce to. Ɗanbaba ya juya abin ta kowane gefe, ya ga akwai wanda Ɗahiru ke rufa wa asiri, kuma ya yi alkawarin sai ya gan shi da idonsa.

Ya sake wanke mulunen tas, ya sa sabon giris, ya naɗe ya mayar akwati, ya ɗora tsinken tsintsiya a kan tsumman yadda in an taɓa zai sani. Ya bari aka kwana biyu. Wata safiya, rana ta ɗan fito, ya ce wa Talatu zai je Tibiri sai yamma. Ya fita ta zaure, ya kewaya ta bayan gida, ya ɗaga zana ya shigo a hankali, ya laɓe a gefen ƙofar ɗaki.

Akwatin na tsakar ɗaki a buɗe. Talatu na zaune a gabansa ta ba ƙofa baya, kanta a sunkuye, hannuwanta na aiki a kan cinyarta. A gefenta ga ɗan kasko a kan garwashi, man shanu ya narke a ciki. Da yake daga sanyin waje ya shigo, hancinsa ya ji ƙamshin sabo fil, kamar bai taɓa jin sa ba, kuma ya gane shi. Shi ne abin da ke ƙarƙashin warin nan da ya kira kitse. Shi ne abin da harshen mahauci ya gane a lasa guda.

Tana magana ƙasa-ƙasa, rabi Fulatanci rabi Hausa. Addu'a take yi. Allah ya tsare kayan Malam daga mugun hannu, Allah ya sanyaya masa zuciya, Allah ya mayar da shi da Ɗahiru kamar da.

Daga inda yake tsaye ba ya ganin abin da ke kan cinyarta. A akwatin akwai kuben wuƙarsa, akwai takalmin sallarsa, akwai mulune. Taki guda zuwa hagu zai nuna masa wanne ne. Duk rayuwarsa wannan takin yake yi, shi ya yi a kan sawun takalmi, shi ya yi a kan laya, kuma ƙafarsa ta riga ta ɗaga da kanta. Maganar liman ta dawo masa: ranar da ta tabbata. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ba tsoron abin da wani zai yi masa ba, tsoron idonsa.

Ya mayar da ƙafar inda take. Ya ja da baya, ya fita ta inda ya shigo, ya kewayo ƙofar gidansa, ya tsaya a waje ya yi sallama da ƙarfi kamar baƙo. Ya jira. Ya ji ƙarar murfin akwati, ya ji an tura shi ƙarƙashin gado, ya ƙara jira, sannan ya sake sallama.

Talatu ta leƙo tana goge hannu a zane. "Malam? Lahiya kake sallama gidanka?"

"Lahiya lau. Hula na mance."

Ta dubi kansa, ga hula zaune daram. Ya juya ya tafi. Bai shiga ɗakin ba, bai je duba tsinken tsintsiyarsa ba.

Daga nan gindin bedi ya nufa. Akwai 'yan zaman hira, har da Luƙman da Liman Mani, amma teburin ba mai saye. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida. Ba Ɗahiru na ba. Ƙarya na yi mishi, shi ko ya amsa don ya gaji da ni."

"To wa na?" in ji Luƙman.

"Ban sani ba."

Aka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin wannan kalma daga bakin Ɗanbaba, mutumin da ko akuya ta yi tari ya san wanda ya sa ta.

"Ban sani ba, kuma ba ni son sani. Wanda duk yas sani, shi riƙe abinai."

Liman Mani ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Ɗahiru bai ɗago ba. Sai da mutane suka koma hirarsu, Ɗanbaba ya matsa kusa da tebur, sannan Ɗahiru ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ka ɓata mini suna gaban gari, Ɗanbaba."

"Na ɓata."

"Biko biyu da ƙahwata na yi maka su. Wanga da sunana na yi shi. Ba ni da sauran abin da za ni yi maka wani da shi."

Ɗanbaba ya ɗaga hannu da sauri. "Kak ka ƙara ko kalma guda."

Ɗahiru ya ɗauki wuƙa. Ya yanki hanta ya jefa a kan wuta, da ta gasu ya tura masa a bakin wuƙa ba tare da ya dube shi ba. Ɗanbaba ya ci yana hawaye, ya ce yaji ne ya yi yawa.

Sunan Ɗahiru ya dawo, amma a hankali, kuma har yau akwai gidajen da ba sa sayen namansa. Ɗanbaba na sane, kuma abin na cin sa. Akwatin kuwa bai sake buɗe shi da hannunsa ba. In salla ta zo, Talatu ke ɗauko masa riga. Bai ce mata ta daina komai ba, don faɗin haka ma sani ne. Da ya je Tibiri, Mus'ab ya fito masa da wani gwangwanin giris da ya ɓoye masa musamman, ya ce wannan ko a ƙanƙara ba ya daskarewa. Ɗanbaba ya murza a kunne, ya shinshina, ya ce mai kyau ne, ya mayar masa. Mus'ab ya bi shi da kallo har ya ɓace, yana tunanin ko tsohon ba shi da lafiya.

Da aka buɗe tafki shekarar da ta biyo, an gan shi cikin ruwa har gwiwa tare da kowa, da sandar gora da zare ɗaure a bakinta, yana tsintar ƙananan karfasa. Can tsakiya manyan tarwaɗu na juyi suna fasa ruwa, duk wadda ta fasa sai ya ɗaga kai ya duba, ya sake sunkuyawa. Yana kewar tudun nan ƙwarai, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Luƙman ya matso kusa da shi da homa a kafaɗa.

"Sarkin ruwa, ina mulunen?"

Ɗanbaba ya cire ɗan kifi daga ƙugiya ya jefa a gora.

"Shina gida," ya ce. "Ana kula da shi."